Buhu arba'in da na ce sun ƙare

Ni ɗan Marwa ne, bokona duk da Faransanci na yi shi. Turancin Ingilishi kuwa, kodayake yana cikin harsuna biyu na hukuma a Kamaru, abin da na fito da shi daga makaranta bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Sauran a bakin 'yan kasuwar da ke sauke kaya daga Mubi da Banki na tsince shi, su kuma kalma ɗaya suke da ita ta ƙarewar komai: finish. Mai ya finish, kuɗi sun finish, har mutum in ya tsiyace sai a ce ya finish. Da wannan guzurin na kama aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji, inda kowace Alhamis sai na tura rahoto da Ingilishi.

Wata Alhamis a watan Maris, zafi kamar ya tsaga kwanon rufi, na ƙirga shinkafa na tarar saura buhu 40 daga cikin 600 da aka sauke mana. A kaina Faransanci ne ya fara magana, ya ce stock épuisé, yadda muke cewa a kanti da zarar kaya sun ja baya. Na buɗe ƙamus a waya, ya ba ni exhausted. Na rubuta “rice is exhausted”, na tura, na tafi sallar la'asar hankalina kwance.

Washegari da sassafe sai ga shugabarmu, wata 'yar Bamenda, ta iso da kanta. Ashe cikin dare ta sa an juyo da wata babbar mota da ta nufi wajen Mokolo, don a cike mana giɓi. Na buɗe mata ƙofa. Ta tsaya tana kallon buhunan nan jere a kan katako, ta ƙirga su da baki har arba'in, sannan ta juyo.

“Malam, wannan mene ne?”

Na ce, “Shinkafa ce, Madam.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki alli ta rubuta kalmomi biyu a jikin ƙofar sito. A gaban exhausted ta zana sifili. A gaban depleted ta zana buhu da ɗan abu a gindinsa. Ta ce in dai da sauran abin da za a dafa, kada in sake taɓa ta farkon. Direban da aka juyo da shi kuwa kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga tonon kalmomin nan da daddare. Abin da ya ba ni mamaki, biyu daga cikinsu daga bakin rijiya suka fito. Exhaust daga Latin take, daga kalmar da ke nufin jan ruwa da guga, aka ƙara mata ɗafin da ke nufin waje: a ja, a ja, har guga ya dawo da laka. Épuiser ɗin da ta jefa ni cikin kunya ma haka take, a cikinta akwai puiser, ɗiban ruwa, 'yar'uwar puits, wato rijiya. Ashe ƙamus bai yi mini ƙarya ba, ni ne na saba ja wa kalmar Faransancin wuya har ta rufe abin da bai kai ƙarewa ba.

Deplete ita ce na fi so. Tushenta kishiyar cikawa ne, kuma likitocin Turai na da da ita suke kiran rage jini a jikin majiyyaci. Ina karanta haka sai na tuna wanzamin unguwarmu yana yi wa Baba ƙaho a ƙarƙashin darbejiya: ya tsaga, ya kafa ƙahon, ya zuƙa, ya toshe bakin, bayan ɗan lokaci ya cire ya zubar da baƙin jini a rami. Ba wanzamin da ke kwashe jinin mutum duka, ragewa yake yi. To wannan ita ce deplete, abu ya ragu sosai har a fara jin jiki, amma da saura. Shi ya sa ake faɗinta a kan kifin kogi, da dajin da masu gawayi suka sa a gaba, da ƙarfin gonar da aka shekara ana zuba mata auduga ba taki. Mu sai mu ce gona ta gaji.

Drain kuma ruwanta da hanyar da abu ya bi ya fita. Dangin dry ce, bushewa, kuma ainihinta ruwa ne ke fita a hankali ta wata kafa. Ka je garejin da ke bayan gidanmu ka ga yaro ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance noti, baƙin mai yana zuba cikin yankakken galan har ya koma ɗis-ɗis. Mu nan vidange muke ce masa, da Hausa juyen mai, Bature ya ce drain. Tsiyayewa ke nan. Daga nan suka ɗauke ta suka ɗora wa batirin waya da ke zuƙewa, da aljihun mai jinya, har da likitoci da malaman da ke barin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, abin da suke kira brain drain. Ba rana ɗaya ake yi ba, kuma galibi sai an makara ake lura.

Empty ba ta da wahala in ka riƙe abu guda: mazubi take kallo. Buhu ake yi wa empty, ko tulu, ko sito. Zazzagewa ce, ko juyewa, kuma abin da aka juye yana iya kasancewa lafiya lau a wani wuri. Use up tana da mai laifi, wani ne ya ƙarar, kamar yadda yarana ke cinye mini data. Run out ba ta tuhumar kowa, abu ne ya ƙare maka kana tsakiyar buƙata, irin ruwan da ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Masu babur ɗin garin nan sun san ta tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin titi, ya yi tsada, kowa ya koma sayen rabin kwalba yana tura babur a hanya.

Da na je gaida Kawu, wanda ya yi shekarunsa yana haƙar rijiya kafin gwiwa ta zaunar da shi, na kwashe labarin nan na ba shi, ina jin na zo da sabon ilmi. Ya saurare ni yana jan carbi. Da na gama ya ce, “Kai yaro, wannan ne sai da Nasara ya koya maka?”

Sai ya shiga jero mini nasa. Rijiya ta ja baya daban, ta ƙafe daban. In mata sun yi mata taron dangi da asuba sun kwashe ruwan, ba ta ƙafe ba, a ba ta zuwa azahar za ta tara. In an shiga an fitar da laka da guntayen guga, yasa aka yi. Tukunya a kan wuta ruwanta ƙonewa yake, rigar da aka shanya tsanewa take, rami kuma tsotsewa yake. Ya nuna wajen Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, da sandarsa ya ce in je in duba, yashi ne fari fat tun daga kaka har faɗuwar damina, yara na ƙwallo a ciki, amma mace ta durƙusa ta tona kamu biyu ko uku sai ga ruwa ya taru tana kwasa da ƙoƙo. “Wannan kogin ka ce ya ƙare?” Na ce a'a, Kawu. Ya ce to.

Tun daga ranar kunnena ya buɗe ga yadda ake maganar Tafkin Chadi a rediyo da jaridu. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da na 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan faɗin. Amma sau nawa na ji an fassara labarin da cewa tafkin ya ƙafe? Kogin Shari, bayan ya haɗu da Logon a tsakanin Kuseri da Njamena, har gobe yana zuba masa mafi yawan ruwansa, masunta na kamun kifi a Darak, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Yaguwa da Kuseri ba zai ce ruwa ya ƙare a yankin nan ba. Tafkin ya ragu ƙwarai, wannan depleted ne. Mai cewa ya ƙafe irin rahotona na shinkafa yake rubutawa, sai dai nasa ya fi nawa yawan masu karatu.

Ko a kan gajiyar mutum kalmomin ba su zama ɗaya ba. Lebura da ya sauke tirela exhausted yake, ya gaji tiɓis, barci da tuwo za su gyara shi. Wanda ya yi wata guda a gaban gadon mahaifiyarsa a asibiti shi ne drained, ko bai ɗaga komai ba an tsiyaye shi ta ciki.

Rubutun allin nan yana jikin ƙofar har yanzu, na hana a goge. A ƙarshen Afrilu gishiri ya ƙare mana ƙurmus, na zazzage buhun ƙarshe, na share wurin da tsintsiya, na leƙa bayan katako ko wani ya faɗa. Sannan na zauna na rubuta “salt is exhausted”, na tura. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga saƙon Madam, kalma ɗaya da alamar tambaya: “Zero?” Na ɗauki hoton katakon da babu komai a kansa sai kyanwar sito tana barci, na aika mata. Ranar Litinin mota ta zo da buhu 50, kuma direban nan ne ya kawo su.