Wuƙar kwanan daji ga mai ƙaramin ƙarfi

Shekara huɗu ke nan ina fita da ɗalibaina kwanan daji a duwatsun Shere, gabas da Jos, sau biyu a shekara. Albashin malamin makaranta kowa ya san iyakarsa, don haka duk abin da zan saka a jakar tafiya sai na auna shi da kuɗin cefanen gida. Tanti aro muke yi, tukunya daga ɗakin girkin matata take fitowa, igiya da tamfol kuwa na kasuwa ne. Wuƙa ce kaɗai na saya har sau uku kafin in gane abin da ya kamata in nema tun farko.

Ta farkon na saye ta a wani tebur a bakin titi. Doguwa ce, tana ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, ƙotarta kuma rami ce a ciki, an zuba ashana da ƙugiyar kamun kifi, an toshe da murfi mai kamfas. A darenmu na biyu aka yi ruwa tun la'asar. Duk ƙiraren da yara suka tara ya jiƙe, su kuma suna rawar sanyi suna jiran shayi. Wanda ya san sanyin Filato bayan ruwa ya san ba abin wasa ba ne ga yaro ɗan shekara 13. Na ɗauki wani reshe mai kaurin damtse don in tsaga shi in kai ga busasshen cikinsa, na ɗora wuƙar a kai, na buga bayanta da wani guntun icen. A bugu na uku ƙarfen ya tsaya a cikin reshen, ƙotar ta rage a hannuna. Da na haska tocila na duba, sai na ga ƙarfen da ya shiga cikin ƙotar bai fi gaɓar yatsa ba, noti guda ne ke riƙe da shi.

Dattijon da ke yi mana jagora, manomi ne a ƙauyen da ke gindin dutsen, shi ya zaro tasa daga aljihun buhunsa. Baƙa ce ƙirin, ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Da ita muka tsaga icen, muka fiƙe siraran sassaƙe, wuta ta kama. Da safe da ita aka yanka albasa, aka fiƙe sababbin turakun tanti. Hausawa na cewa araha ba ta ado. A harkar wuƙa, idan ka ga mai araha ta sha ado, to a adon kuɗin ya ƙare, ba a bar wa ƙarfen komai ba.

Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne inda ƙarfe ya haɗu da ƙota, domin nan ne wuƙa ke mutuwa. Mafi aminci ita ce wadda ƙarfenta ya zarce tun daga tsini har gindin ƙota a faɗinsa, aka ɗora katako biyu gefe da gefe aka ɗaure da ƙusoshi, kana ganin ƙarfen a tsakani. Mai bi mata ita ce wadda ƙarfen ya tsuke ya shige can cikin ƙotar, ya wuce rabi sosai. Wadda ƙotarta rami ce kuwa, ko kyauta aka ba ni ba zan shiga daji da ita ba.

Sai tsawo. Matasa suna son doguwa, ni ma na so. Amma lissafa aikin da ake yi a sansani: yanka igiya, fiƙe turke, gyara kaza ko kifi, yanka tumatir da albasa, fere rake ko dankali, sassaƙa ƙirare. Duk wannan ƙarfe mai santimita 10 zuwa 12 ya ishe shi, kuma ya fi biyayya a hannu. Aikin da ya fi ƙarfin wannan na adda ne ko gatari. Adda mai tambarin kada da manomanmu suka saba da ita tana nan a kowace kasuwar ƙauye, kuma in ka haɗa kuɗinta da na ƙaramar wuƙa mai kyau, sau da yawa ba su kai na babbar wuƙar nan guda da ba ta iya aikin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wuƙata ta biyu Morakniv ce, samfurin Companion, wani abokina ya taho mini da ita daga tafiya. A garin Mora na ƙasar Suwidin ake ƙera su, inda kamfanin ya samo asali tun 1891. A can Turai da Amurka ita ce wuƙar talaka, kuɗinta ba ya cika wuce dala 20. Ba ta da kyan gani: mariƙin roba, kube na roba, ƙarfe mai tsawon kusan santimita 10 da rabi. Amma ita ta koya mini yadda bakin wuƙa ya kamata ya kasance. Gefenta a miƙe yake, sai kusa da kaifi aka zaftare shi sau ɗaya, da faɗi. Amfanin wannan a wajen washi yake: ka kwantar da zaftararren wurin a kan dutse, shi da kansa zai nuna maka karkatar da ta dace, ba sai ka yi ta kintace ba. Ɗalibina ɗan aji biyu ya koyi wasa ta a zama ɗaya. A cikin itace kuma tana shiga kamar ta masassaƙi.

Ƙarfenta bai kai gindin ƙota ba, ya tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, amma an zuba robar a kansa ta kama shi gam, kuma shekara biyu na yi ina tsaga ƙananan rassa da ita ba ta ko motsa ba. Kamfanin yana da mai kauri, milimita 3.2, yana kuma da Garberg wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshe, sai dai kuɗin wannan ya ninka na Companion sau da yawa, ba tamu ba ce. Matsalar Mora a nan gida ita ce dala. Idan ka sa kuɗin aikowa a kai, araharta ta tafi. Ga kuma jabu da ke yawo a shagunan intanet da siffarta da launinta. In kana da mai zuwa daga waje, ka roƙe shi. In babu, kada ka ci bashi a kanta.

Wuƙaƙen naɗewa ba zan daɗe a kansu ba. Opinel ta Faransa, wadda ake yi tun 1890, tana da zobe da ake murɗawa ya kulle ƙarfen, lamba 8 ɗinta kuma ta iya yankan abinci ƙwarai. Amma ƙotarta katako ce, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta riƙe ƙarfen, ka yi ta fama kafin ta buɗu. Okapi, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988, ita ma abokiyar aljihu ce mai sauƙin kuɗi. Dukkansu a kan ƙusa guda suke juyawa, kuma abin da ke juyawa a kan ƙusa ba a dukansa da ice. Ka riƙe su a matsayin ta biyu.

Da Morar ta ɓace mini a wata tafiya, ba ni da kuɗin sake wata, sai na zana siffarta a kwali na nufi maƙera. Nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni, don a ganina amsar mai ƙaramin ƙarfi a ƙasar nan tana wurin.

Maƙerin dattijo ne, yana zaune gaban wuta, jikansa na kan zugazugi. Na gaishe shi na miƙa kwalin. Ya juya shi ya ce, "Malam, ta yanka ce ko ta aiki?" Na ce, "Baba, ta daji ce, za ta yi girki, za ta tsaga ice." Ya ce to ba da ƙarfen da yake yi wa mahauta zai yi ta ba, wannan siriri ne. Ya sa yaron ya jawo guntun sifirin mota daga ƙarƙashin benci. Ƙarfen sifirin an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai a ƙarƙashin lodi, shi ya sa maƙera a ƙasashe da yawa, har masu ƙera wuƙar kukuri a Nepal, suke nemansa. Yana ɗaukar kaifi, yana kuma jure duka.

Abin da ke raba wuƙar maƙera mai kyau da marar kyau shi ne ban ruwa. Ana gasa ƙarfen ya yi ja, a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya taurare, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don ya rage gautsi. In ba a ba shi ruwa sosai ba, bakin zai riƙa lanƙwashewa, kullum kana kan dutse. In an ba shi aka ƙi sassauta shi, zai riƙa ɓantarewa, wata rana ya karye. Ba ka ganin wannan da ido, sai da gwaji, kuma gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka karɓi magagarin maƙerin ka goga a kusa da kaifin. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar yana cin ƙusa, da sauran aiki. In yana zamewa yana ɗan kamawa kaɗan, an yi daidai. Daga nan ka nemi busasshen icen ƙirya ko marke ka sassaƙa da ƙarfi sau goma, ka ɗaga bakin ga rana. Kada ka ga inda ya kwanta, kada ka ga inda ya fita. Sai ka runtse ido ɗaya ka bi bayanta daga ƙota zuwa tsini ka tabbata ba ta karkace ba, ka kuma duba ko akwai siririn tsagu. Na ji nauyin yin wannan a gaban dattijo, sai na nemi afuwa tukuna. Ya ce, "Gwada, ɗana. Wanda ya gwada a nan ba ya dawo mini da ƙorafi."

Na roƙe shi abu huɗu: kaurin baya ya kai kamar milimita 3, ƙarfen ya zarce har gindi, a ɗaure ƙota da ƙusa uku, kuma a bar ɗan tudu a gaban mariƙin yadda yatsa ba zai zame kan kaifi ba in hannu ya jiƙe. Wannan na ƙarshen kada ka yarda a manta da shi. Yawancin yankan da na gani a sansani daga zamewar hannu ne, da kuma wuƙar da ta dakushe har mutum ya koma danna ta da ƙarfi. Kuɗin da na biya shi bai kai rabin abin da Mora za ta ci ni a lokacin ba.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa, wannan ba a ɓoye shi. Farin ƙarfe marar tsatsa yana da sinadarin kuromiyam sama da kashi 10 cikin ɗari, shi ke kare shi, kuma mai yawan aiki a bakin ruwa ko mai mantuwa gara ya nemi irinsa daga kamfanin da aka sani. Sai dai farin ƙarfen wuƙaƙen tebur masu arha laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi. Ni na zaɓi baƙin, na karɓi ɗawainiyarsa: in na gama aiki in wanke, in goge ta bushe, in shafa ɗigon man gyaɗa. Ba na sa baƙin mai tunda tana taɓa abinci. Bayan 'yan makonni albasa da lemun tsami suka rina ta ta yi toka-toka. Wannan rinin ba tsatsa ba ne, har yana ɗan taimakawa wajen tsare ta, kada ka kankare shi.

Ka ware wani abu daga kuɗin don kube da dutsen washi, ko da hakan zai sa ka sayi wuƙa mai rahusa. Baduku ya ɗinka mini kube na fata mai kauri, na ce ya sa ƙarin tsiri na fata a gefen da kaifi ke kwanciya don kada ya yanke zaren, kuma ya matse yadda in na kifa shi wuƙar ba za ta zubo ba. Da damina ba na barin ta kwana a cikinsa a gida, fata tana riƙe danshi. Dutsen washi mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi, yana nan a shagunan kayan gini. In ka manta shi, gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, yana gyara baki, bayan bel na fata kuma ya ƙarasa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. A garuruwanmu yanzu, saboda faɗan daba da ƙwacen waya, wuƙa a ƙugu tana jawo wa mutum zargi, kuma ba na ganin laifin mai zargin. Tawa tana tafiya ne a cikin kubenta, a can ƙasan jaka tare da tukunya da cokula, ba ta fitowa sai mun kafa tanti. A jirgin sama kuwa ba a shiga da ita a jakar hannu. Ɗalibai ba na barin kowa ya zo da tasa. Guda biyu ne a sansanin, tawa da wata irinta da na sa dattijon ya ƙara ƙerawa bara, kuma duk mai amfani da su a zaune yake yi, yana yanka nesa da jikinsa, babu kowa kusa da shi iya tsawon hannu.

Tafiya ta gaba cikin hunturu ce. Na riga na aika wa Baba maƙeri kwali na uku, wannan karon ƙarama, santimita 8, da ƙota siririya, saboda 'yan aji ɗaya sun ce waccan ta cika musu hannu.