Mu da tsutsar tundurmi: sana'ar da ake yi da tsakar dare

Ƙaramin kamfani gare ni, mu bakwai ne har da direba. Ba ma sayar da magani, ba ma raba shi. Namu gwajin jini ne. Idan an shafe shekaru ana rabon maganin tundurmi a wani yanki, sai a kira mu mu duba ko tsutsar ta ja da baya ko tana nan daram. Kayan aikinmu ba su cika bayan mota ɗaya ba: madubin likita biyu, gilasan shafa jini, allurar huda yatsa, rinin Giemsa, akwatin sanyi, rajista da fitilun goshi.

Fitilun nan su ne alamar sana'ar. Uwar tsutsar, wadda mafi yawanci ita ce ake kira Wuchereria bancrofti, tana kwance a magudanan ruwan jiki shekara 6 zuwa 8 tana zuba 'ya'ya miliyoyi. Da rana 'ya'yan sukan lafe a jijiyoyin huhu, sai dare ya raba su fito cikin jinin da ke kusa da fata, daidai lokacin da sauro yake farauta. Tun 1877 wani likita mai suna Patrick Manson ya gano a Sin cewa sauro ne yake ɗaukarsu. To shi ya sa muke ɗibar jini tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2. Ka tashi magidanci daga barci ka ce yatsansa kake so, ai sai ka iya bakinka. Wani dattijo ya taɓa tambayar yaron aikina, "Ɗana, jinin rana laifin me ya yi?" Yaron ya ce, "Baba, ɓarawon da muke nema da dare yake fita." Dattijo ya yi dariya ya miƙa hannu.

Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji da ake iya yi da rana, a ɗiga jini a karanta bayan minti 10 cif. Ya rage mana wahala, amma yana da nasa halin. Zafi yana ɓata shi, kwanansa yana ƙarewa, kuma idan ka bar shi ya wuce lokaci yakan nuna layin ƙarya. Na taɓa zubar da aikin yini guda saboda wani ma'aikacina ya jera gwaji ya tafi amsa waya. Tun daga ranar kowane tebur da agogonsa.

Maganin kansa ba shi ne matsala ba. A 1997 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar kawar da cutar, aka ƙaddamar da shirin a 2000. Kamfanin GSK yana bayar da albendazol kyauta, Merck yana bayar da ibamektin mai suna Mectizan, Eisai kuma maganin diethylcarbamazine da ake taƙaitawa DEC. Sau ɗaya a shekara ake bai wa kowa a yankin, mai alama da marar alama, domin da yawa masu ɗauke da tsutsar lafiyarsu lau a ido. Sai dai ƙwayoyin sun fi ƙarfi a kan 'ya'yan, uwar ba ta cika mutuwa da su ba. Dabarar ita ce a riƙa share jinin kowace shekara, sauro ya ciji mutum ya tashi hannu rabbana, har uwayen su tsufa su mutu don kansu. Wannan ne ya sa ake son aƙalla zagaye 5, kuma a kowane zagaye kashi 65 cikin 100 na jama'ar yankin gaba ɗaya su sha.

Ba ko'ina ake ba da haɗi iri ɗaya ba, kuma a nan kuskure yake da tsada. Inda ake da makantar rafi ba a kusantar DEC, don yana iya lalata idon mai ɗauke da waccan tsutsar, sai a haɗa ibamektin da albendazol. Inda tsutsar ido ta Loa loa ta yi yawa, kamar dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, ibamektin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda jininsa ya cika da ita har ya suma ko ya rasu, don haka albendazol kaɗai ake bayarwa sau biyu a shekara. Inda babu ko ɗaya daga cikinsu, tun 2017 an amince a haɗa ukun a sha tare, abin da yake rage yawan zagayen. Masu rabon ibamektin ba sa yawo da sikeli, sanda ce mai zane suke auna tsayi da ita, ƙwaya ɗaya zuwa huɗu. Yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai juna biyu, da mai jinya mai tsanani, ana tsallake su.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne rajista tana iya faɗin abin da aka so ta faɗa, jini kuwa ba ya karɓar lallashi. Akwai yankin da takardunsa suka yi kyau kamar a rataye a bango, kowace shekara an wuce adadin da ake nema. Da muka zauna gaban madubi sai ga 'ya'yan tsutsar nan a gilashi bayan gilashi, a lanƙwashe kamar zaren da ya faɗi ƙasa. Muka koma gida gida muna tambaya. Ashe mai rabo yakan ƙirga ƙwayoyin gida duka ya damƙa wa wanda ya tarar, ya rubuta an sha. Wasu sun ajiye a kan taga. Wasu sun ji maƙwabci ya yi zazzaɓi da ciwon kai bayan ya sha, suka tsorata, alhali wannan yawanci alamar mutuwar 'ya'yan tsutsa ce kuma kwana biyu ko uku yake wucewa. Mafi ciwo, kusan mutane iri ɗaya ne suke kuɓucewa duk shekara: matafiya, masu fita aiki kafin gari ya waye, da waɗanda suka ce su ƙalau suke. Su ne rumbun da sauro yake komawa ɗiba.

Wanda ya ba mu aikin bai ji daɗin rahoton ba. Ya tambaye ni ko ba za a sake duba gilasan ba. Na ce an riga an sake, domin a ƙa'idarmu duk gilashin da aka ga tsutsa sai ido na biyu ya gani, haka ma wani kaso na waɗanda aka ce babu. Sakamakon ya jawo musu ƙarin zagaye biyu na rabo, ni kuma kuɗina ya yi watanni kafin ya fito.

Aikin da na fi so shi ne gwajin yara 'yan shekara 6 da 7. An haife su bayan fara rabo, don haka idan jininsu ya fita tsaf, yaɗuwar ta tsaya. Akan maimaita shi har sau uku, da tazarar shekara biyu zuwa uku, kafin ƙasa ta nemi shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta kawar da cutar a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Ta wannan hanya Togo ta samu tata a 2017, Malawi a 2020, Bangaladash a 2023.

Abu ɗaya yake min nauyi. A kusan kowane zama akwai mai jan kumburarriyar ƙafa ko mai gwaiwa da yake zuwa da fatan mun kawo waraka. Sau da yawa ma jininsa babu komai, tsutsar ta yi ɓarnarta ta mutu. Gwaiwa tiyata take so. Ƙafa kuwa sai wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a ɗaga ta, a motsa ta, a sa takalmi, don ƙananan raunuka su ne ƙofar zazzaɓin da yake ƙara kumburin. Wannan ba ya cikin kwangilarmu, amma na sa kowane ma'aikacina ya iya nuna shi, kuma akwai kwano da tawul a motar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a gaba a shirin kawar da cutar. Idan abin ya tafi daidai, kiran da ake mana zai yi ta raguwa. Na riga na tura biyu daga cikin yarana koyon duba fitsari da bayan gida don tsargiya da tsutsar ciki.