Kumburin Muƙamuƙin da Ba Ya Ciwo

Ƙannena, idan kuka ji wani tudu mai tauri a dasashin sama ko gefen hanci, kada rashin zafinsa ya ruɗe ku. Ni abin da ya ruɗe ni ke nan. Nawa ya fito saman haƙoran dama, tauri kamar ƙwallon goruba. Na sha ƙwayoyin kemis har na gaji, na je wajen wanzami ya kafa mini ƙaho. Jini kawai ya fito, domin ba maruru ba ne, ƙashin kansa ne yake girma.

Babbar ɓarnar da na yi wa kaina ita ce gudun gwaji. Likitan haƙori ya ce a yanki ɗan kaɗan a duba, mutanen gida suka ce ciwon daji ba ya son ƙarfe, na bi tasu. Alhali wannan gwajin ne ke tabbatar da ko sankara ce ko ba ita ba. Da yawa daga irin wannan ƙari ba sa yaɗuwa cikin jiki, sai dai muƙamuƙin sama ƙashi ne marar kauri: cikinsa kogo ne, samansa kwarmin ido, gefensa hanci. Ƙarin sai ya cika kogon a ɓoye tun fuska ba ta nuna ba.

Sai da hancina ya toshe, haƙora suka fara girgiɗi, na je sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato. Aka ɗauki hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, aka yi gwajin da na guda, aka ce osifayin faibiroma ne, wato wani ƙarin ƙashi da ba sankara ba. Irinsa in yana ƙarami, ta cikin baki ake bi, ƙarƙashin leɓe, a ɓamɓare shi daga ƙashi, ba tabo a fuska. Nawa ya wuce nan. Aka cire sashen muƙamuƙi da haƙoransa, aka yi mini murfin roba na toshe ganɗa. In na cire shi, ruwan da na sha ta hanci yake fitowa, magana ma ta hanci.

Ku tambayi likita sunan ƙarin, domin aikin ya bambanta. Amelobilastoma, alal misali, wanda shi ma wani ƙarin muƙamuƙi ne, in an kankare shi kawai yakan dawo, dole a haɗa da ƙashin da ke kewaye. Hotuna da takardar sakamako kuma ku adana su, za a nema duk ranar da kuka koma a duba ku.