Alhamis a gidan da ke kan titi na 92

Sha ɗaya na dare ta wuce, yara sun yi barci, ƙafafuna kamar an daka su a turmi. Amma in ban rubuta wannan yau ba, aikin gobe zai shafe mini rabinsa.

Bayan sallar asuba na fito, sanyin Nuwamba ya fara cizo. Na kama jirgi mai lamba 4 a tashar titi na 167 nan Buronks, unguwarmu a birnin New York, na sauka a titi na 86 a Manhatan. Wata bakwai ke nan ina kula da tsohuwar nan: wanka, magani, abinci, rakiya wurin likita. Jikokinta suna ce mata Bubbe, wato kaka da harshensu, ni ma na bi sahu. Shekarunta 88, hankalinta garau, ƙafafu ne kawai suka gaza. 'Yarta ce ta sa mata suna a shirin dattawa na cibiyar al'ummar Yahudawa da ke kusurwar titin Lexington da titi na 92, kuma yau ce rana ta farko da aka ce ni zan kai ta.

Ba zan ɓoye ba, da nauyin zuciya na kwana. Jiya da na gaya wa Yaya a WhatsApp, shiru ta yi, can ta ce, "Hadiza, da ƙafarki za ki shiga gidan Yahudawa, ga abin da ake yi wa mutanen Gaza?" Ban ga laifinta ba. Ni ma na yi kuka a kan hotunan yaran nan har na daina buɗe waya da dare. Na ce mata, "Yaya, matar nan ita ke tuna mini lokacin azahar ya yi. Amanarta ce a hannuna." Ta ce Allah ya tsare. Na ce amin.

Yanzu sunan wurin 92NY, tun 2022, amma Bubbe "Wai" kawai take cewa, wato harafin Y da Turanci, kamar mai kiran sunan ƙawa. Ina tura kekenta tana ba ni tarihi. A 1874 wasu Yahudawa 'yan asalin Jamus suka kafa ƙungiyar, don samarinsu su sami wurin karatu da motsa jiki da zumunci. A 1900 suka dawo wannan kusurwa, da kuɗin wani attajirin banki, Jacob Schiff. Ginin da muka shiga kuwa na 1930 ne. Ta ce tana 'yar shekara goma sha shida ta fara zuwa, ita kaɗai a jirgi, don ta saurari masu karanta waƙe.

A bakin ƙofa akwai masu gadi da na'urar bincike kamar ta filin jirgin sama. Mai gadin ya buɗe jakata, ya ga sallaya, ya mayar da ita da hannu biyu. Bubbe ta ce a ƙuruciyarta haka kawai ake shiga. Na san dalilin canjin. Ina ƙasar nan a Oktoban 2018 lokacin da wani ya shiga wurin ibadarsu a Pittsburgh ya kashe mutum 11. Bayan 'yan watanni aka kashe 51 a masallatan Christchurch na ƙasar New Zealand, mu ma muka fara sa matasa tsaron ƙofa ranar Juma'a. Tsoron nan na san ɗanɗanonsa.

Ina zaton wurin ibada zan gani. Abin da na tarar ya fi kama da kasuwa ranar cinta. 'Yan nazare riƙe da igiya ɗaya malamarsu na gaba, dattijo da tawul a wuya ya fito daga wurin ninƙaya, wata yarinya baƙar fata rungume da goge irin na Turawa ya kusa fin ta tsawo, sautin fiyano na saukowa daga bene. Ba wanda ya tsaya kallon hijabina. Ajin zane, ajin rawa, ajin ƙera 'yan kunne da zobba, ajin harsuna, duk a gida ɗaya, kuma ba a tambayar addininka kafin a rubuta sunanka. Kuɗi dai ake tambaya, kuma ba kaɗan ba.

Ajin ginin tukwane muka fara. Hannun Bubbe na rawa, don haka ba ta hau injin da ke juya yumɓu ba, aka ba ta dunƙule a kan tebur. Ta yi ta fama, bakin kwanon yana tsagewa. Ban san lokacin da na naɗe hannun riga ba. Na murza yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, na ɗora a kewaye, na jiƙa yatsa na shafe, yadda na ga matan da ke gina tulu da randa suna yi a ƙauyen su Inna kusa da Zariya. Malamar ta zo ta tsaya, ta tambaye ni inda na koya. Da na ce Najeriya, sai ta ambaci Ladi Kwali. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Matar da ke bayan takardar naira 20, wadda muke miƙa wa mai kayan miya ba mu ko duba ba, ga wata Ba'amurkiya ta san sunanta, ta san irin ƙadangaru da kifayen da take zanawa a jikin tukwanenta. Muka gama kwanon tare, ya ɗan karkace, Bubbe ta dangwala babban yatsanta a gindinsa ta ce ni ma in sa nawa.

Daga nan ta nace sai na ga babban zauren, Kaufmann. An buɗe shi ana gyaran fitilu, aka bar mu muka leƙa. Bangon katako ne mai duhu, kujeru wajen 900. Can sama an rubuta sunaye da manyan baƙaƙe, ta riƙa nuna mini da sanda: Dawuda, Musa, Ishaya, sai su Shakespeare da Beethoven da Lincoln. Na yi salati a zuci da na ga sunayen Annabi Musa da Annabi Dawuda, alaihimas salam. Ta ce a kan wannan dandamali Pearl Primus, baƙar mace, ta fara fitowa bainar jama'a a 1943, wadda daga baya ta je Afirka har Najeriya koyon raye-raye. A nan kuma Alvin Ailey ya fara nuna rawarsa Revelations ranar 31 ga Janairun 1960, a zamanin da manyan zauruka da yawa ba sa maraba da baƙar fata. Sashen waƙe kuwa tun 1939 yake, kuma manyan marubuta irin su Isaac Bashevis Singer, wanda ya ci kyautar Nobel a 1978 da rubutun Yidish, sun tsaya a nan sun karanta.

Ita da kanta ta kawo maganar da nake tauna a raina. A Oktoban 2023 cibiyar ta ɗage taron wani marubuci, Viet Thanh Nguyen, bayan ya sa hannu a wasiƙar sukar Isra'ila. Marubuta da dama suka janye, wasu ma'aikata suka ajiye aiki, aka dakatar da karatun waƙe na wannan zango. Ta ce har yau in aka taɓo zancen a gidansu, ita da ɗanta ba sa gama cin abinci lafiya. Shi yana ganin mutane na cikin makoki a lokacin, bayan harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba. Ita kuwa ta ce gidan da ya buɗe wa Primus ƙofa bai kamata ya rufe wa mai alƙalami ba. Ra'ayina ɗaya da nata, na kuma faɗa mata. Ta riƙe hannuna ta ce yaro yaro ne, ko na wane ne. Ba mu ƙara ba.

Azahar ta yi. Wata ma'aikaciya ta nuna mini wani aji da ba kowa, ta ce ba za a shigo ba sai ƙarfe biyu. Na duba alƙibla a waya, na yi sallata tsakanin kujerun yara.

Abin da ya hana ni barci shi ne na yamma. Dattawa wajen ashirin aka tara a wani ɗaki, da wani saurayi mai busa wata baƙar sarewa da ake kira kilarinet, da wata budurwa mai akodiyon. Kiɗan nan sunansa kilezma, kiɗan bikin aure ne na Yahudawan gabashin Turai. Busar tana dariya tana kuka a numfashi guda, wani wurin ta ɗaga kamar algaita a ƙofar fada. Aka raba takardun waƙoƙi. Na karɓi ta Bubbe don in riƙe mata, sai na ga ta dama aka fara rubutun.

Na tambaye ta ko Ibrananci ne. Ta ce a'a, Yidish ne. Harshe ne ɗan'uwan Jamusanci, da aron kalmomi daga Ibrananci da harsunan Folan da Rasha, amma da baƙaƙen littafinsu mai tsarki ake rubuta shi. Ibrananci na addu'a ne da karatun malamai, Yidish kuwa na ɗakin girki ne da kasuwa da rarrashin jariri. Na ce, "Bubbe, ai wannan ajami ne!" Na ciro biro na rubuta mata "ina kwana" da ajami a bayan takardar, na gaya mata yadda kakanninmu suka ɗauki baƙaƙen Alƙur'ani suka rubuta Hausa da su, yadda Nana Asma'u ta yi waƙoƙi jajis, wato malamai matan da ta horar, suka bi ƙauyuka suna koya wa mata. Ta shiga jero mini nasu: alef, beys, giml, daled. Na amsa mata da alif, ba, jim, dal, jerin abajada da muka haddace a makarantar allo. Lamed da lam, mem da mim, nun da nun. Ta ce gaisuwarsu sholem aleykhem, a amsa aleykhem sholem. Harshen uwa kuma mame-loshn suke cewa, na ji lisani a cikin kalmar sarai. Wani dattijo a gefenmu ya miƙo wuya yana kallon rubutuna, ya ce in rubuta masa sunansa.

Sai aka fara wata waƙar reno, a hankali. Bubbe ba ta dubi takarda ba. Ta rufe ido tana bi, muryarta siririya kamar zare. Da aka gama ta ce mahaifiyarta ce ke rera mata ita a wani bene da ke Grand Concourse. Na ce titin da nake bi kullum ke nan. Ta ce a 1930 kusan rabin mutanen Buronks Yahudawa ne, kuma gidan adana zane-zane da ke titi na 165 wurin ibadarsu ne a da. Iyayenta daga Vilna suka zo, birnin da yau yake ƙasar Lithuania. Waɗanda suka rage a can, goggonni da kawunnai da 'ya'yansu, ba wanda ya tsira daga 'yan Nazi. Kafin yaƙin fiye da mutum miliyan 10 ke jin Yidish, kuma mafi yawan miliyan 6 da aka kashe masu jin sa ne. Amma ta ce ba Hitila kaɗai ya cinye harshen ba. A nan Amurka ba wanda ya hana su. Su da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu, don kada a yi musu dariya a makaranta. 'Yarta na ji ba ta iya mayarwa, jikokinta kuwa Bubbe kawai suka sani. Saurayin mai busa ma a aji ya koya, da littafi, kamar baƙon harshe.

Maganar ta zauna mini a ƙirji har gida. Mu nan Buronks ba mu da kaɗan: 'yan Kumasi da Nima, 'yan Damagaram da Maradi, 'yan Kano da Zariya. Mun yi ƙoƙari, mun tara kuɗi mun buɗe masallatai da islamiyyu, Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya. Amma ina yaro zai je ya ji tatsuniya? Ina zai ga kalangu da idonsa, ko a koya masa saƙar faifai, ko ya ji waƙar daka? Sai ranar suna ko biki, a hayar zaure na awa huɗu, yaran kuma suna can gefe da waya. Mutanen nan da suka gina gidan titi na 92 su ma baƙi ne, kuma duk da irin ginin da suka yi, harshen ya kusa kuɓuce musu. To mu da ba mu ajiye ko ɗaki ɗaya ba fa?

Na mayar da Bubbe gida, na ba ta maganin yamma, na yi magariba a falonta, na kamo jirgi. Da na shigo Ummi na kan aikin makaranta. Na ce, "Ummi, kin ci abinci?" Ta amsa mini da Turanci, kamar kullum. Yau dai ban wuce ba. Na zauna kusa da ita, na jawo takarda na rubuta sunanta da ajami. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta tambaya ta ina ake farawa. Na kama yatsanta na ɗora a dama. Muka yi sunanta, muka yi na ƙaninta, muka yi na Inna. Da Baban Ummi ya dawo daga tuƙi na roƙe shi ya yi wa liman maganar ɗakin ƙasa na masallaci, wanda ba a komai a cikinsa ranar Lahadi da yamma. Ya ce zai taɓa shi gobe bayan Juma'a. Na kuma tura wa Hajiya Babba saƙo, don duk unguwar nan ba wanda ya kai ta sanin tatsuniya, ta amsa da muryarta tana dariya ta ce in dai za a kawo yaran, ita a shirye take.

Malamar tukwane ta ce sai kwanon ya bushe sosai kafin a gasa, in an yi gaggawa fashewa zai yi. Alhamis ta sama za mu koma mu shafa masa launi. Bubbe na son shuɗi. Ummi ta kwanta da takardar a ƙarƙashin matashi.