Ramin Yakuba Sawadogo a Faƙon Gonarmu

Yakuba Sawadogo ya rasu ranar 3 ga Disamba 2023 a Wahiguya, arewacin Burkina Faso, yana da shekara 77. Allah ya jiƙansa. Manomi ne ɗan ƙauyen Gurga da ke yankin Yatenga. Bayan farin shekarun 1970, lokacin da mutane ke tattara komatsansu suna barin ƙauye, shi sai ya bar kasuwanci ya koma wani faƙo da ko ciyawa ba ta tsirowa a kai, ya hau tona ramuka da rani. Aka ce ya haukace. Wannan faƙon ne ya zama daji mai kusan hekta 40, da itatuwa fiye da iri 60. Dabarar ramukan shuka masu tare ruwan sama a Mosanci sunanta "zai", mu a Ader tassa muke cewa. Manoman Illela ta Nijar ne suka je Yatenga a 1989, suka gani da idonsu, suka dawo da ita.

Ba shi ya ƙirƙiro ramin ba, gado ne. Abin da ya yi shi ne faɗaɗa shi, da zuba masa taki, da tona shi tun kafin ruwa ya sauka.

Haka na yi a faƙon gonarmu. Da diga ake farawa, domin fartanya tsalle kawai take yi a irin wannan ƙasa. Faɗin rami santimita 25 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, tazara kamar taku ɗaya. Ba a jera su sahu ɗaya daga tudu zuwa gangare. Ramin layi na biyu yana faɗawa tsakanin biyun da ke samansa, don ruwan da ya tsere wa ɗaya ya faɗa wani. Ƙasar da aka tono a gefen gangare ake tara ta, kamar jinjirin wata. Wanda ya tara ta ta sama ya toshe wa raminsa hanyar ruwa da hannunsa. Idan tazara mita ɗaya ce, hekta na cin rami 10,000, saboda haka kada mutum ya ɗauka aikin mako guda ne. Gayya ake yi, ko a riƙa cin kadada kaɗan kowace shekara.

Taki kuwa, cikin tafin hannu biyu ya isa rami ɗaya, a yayyafa masa ƙasa kaɗan don kada iskar bazara ta kwashe. A nan na fi yin kuskure. Shekarar farko na zuba ɗanyen kashin awaki dab da shuka, geron ya tsiro, ya yi ja, ya ƙone. Sai wanda ya ruɓe, kuma a zuba shi wata ɗaya ko biyu kafin ruwa. Dalili shi ne gara. Ita takin ke kira, ta huda faƙon nan ta ƙasa, ruwa ya sami inda zai bi ya sauka maimakon ya kwanta a rami. Na tone wani rami bayan ruwan farko, na tarar gindinsa duk ƙofofi kamar rariya, da danshi har inda yatsa ya kai. Kowane manomi gara abokiyar gabarsa ce, Yakuba ne ya sa ta aiki.

A jigawa ban ga amfanin tassa ba, rairayi ke cike ramin tun kafin damina. A fadama kuma ruwa ke kwanciya ya ruɓar da saiwa. Tassa ta faƙo ce.

Itatuwan su ne ban yi tsammani ba. Ƙwayar gawo da bagaruwa da ta bi ta cikin akuya tana tsirowa cikin ramin tare da gero. Ranar noma hannu ke kai wa ga cire su, sai ka tsare kanka, ka bar ɗaya nan ɗaya can, ka kewaye da ƙaya idan an saki dabbobi bayan kaka.

Daga 1984 Yakuba ya riƙa tara manoma a Gurga sau biyu a shekara, a yi musayar iri, a nuna wa sabbi yadda ake tona ramin, kuma bai ɓoye wa kowa dabarar ba. An cinna wa dajinsa wuta, daga baya garin Wahiguya ya faɗaɗa har aka fara yanka filaye a cikinsa. Ya sami lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018, a 2021 kuma aka kewaye dajin da shinge.