Daren jiya a layinmu

Har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, an ɗauke wuta, zafin Bauchi ya hana ni barci, sai na ji ƙarar ƙarfe ta bayan gida. Na leƙa ta taga, samari biyu ne, ɗaya har ya diro yana kokawa da kwaɗon ɗakin janareta. Ashe fasassun kwalaben da muka dasa a kan katanga ado ne kawai, tsohon bargo suka shimfiɗa a kai suka haura.

Na kira 'yan sanda cikin raɗa, aka ce mini "ga mu nan zuwa". Maman yara ta tura su Ummi ƙarƙashin gado, ta miƙo mini taɓarya. Taɓarya fa jama'a! Bindiga sai da lasisi, kuma ko an ba ni wallahi ban san ta inda ake kama ta ba.

Usur ɗin da nake raina shi ne ya fitar da mu. Na busa da iya ƙarfina, maƙwabcina ya hau dukan tukunya yana "ɓarayi! ɓarayi!", 'yan bangan da kullum muke jan ƙafa wajen biyansu kuɗin wata suka iso da tocila da gora. Yaran suka arce, suka bar silifas ƙafa ɗaya.

Sai da aka idar da sallar Asuba 'yan sanda suka iso. Ɗaya ya ce, "Alhaji a yi haƙuri, motarmu ba mai." Ban ma iya yin fushi ba, shi kansa a gajiye yake.

Yanzu na dawo daga kasuwar Wunti da usur goma. Duk wanda ke layinmu ya zo ya karɓi nasa.