Daga Paris zuwa Landan da Sunayen Koren Wake

Kafin in bar Paris na zaga kasuwar Aligre da hantsi, na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da kayan lambu wadda ta kasa koren wake gida uku. Akwai siraran da Faransawa suke kira haricots verts, akwai waɗanda suka fi su sirantaka da tsada, sannan ga haricots beurre masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda aka laƙaba wa sunan man shanu saboda launinsu kawai. Ta ɗauki guda ta karya shi a gabana don in ji ƙararsa, domin a wurinta waken da ya lanƙwashe bai karye ba ya riga ya kwana. Lokacin sanyi ne, don haka allunan farashin sun nuna cewa daga Maroko da Kenya aka kawo kayan.

Daga tashar Gare du Nord na shiga jirgin ƙasa na Eurostar, wanda yake bi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, muka sauka tashar St Pancras da ke Landan bayan sa'a biyu da 'yan mintuna.

A kantunan Landan ne na ga yadda Turawan Ingila suka ari kalmomin maƙwabtansu suka karkatar da ma'anarsu. Siririn waken da na baro a Paris, a nan fine beans ko French beans ake ce masa, wato waken Faransa, alhali asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake, kuma sai a ƙarni na 16 ya iso Turai. Ita kuwa kalmar haricot, idan Bature ɗan Ingila ya ambace ta ita kaɗai, ba ɗanyen wake yake nufi ba, busasshen farin wake ne ƙanana, irin wanda ake dafawa da miyar tumatir a zuba a gwangwani, a ci da burodi lokacin karin kumallo. Wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar mutanenmu na Nijar, nan ne zai fi saurin rikicewa. Haka ma mangetout, wadda ma'anarta ita ce a cinye duka har ɓawo: a Faransa tana iya nufin wani nau'in wake marar zare, amma a Ingila ta tsaya ga faffaɗan kwanson fis, wato tsiron nan mai korayen ƙwayoyi da Turawan Ingila suke kira peas.

Da dare, a wani gidan abinci kusa da kasuwar Borough, na ga haricots verts a rubuce a takardar abinci da cikakken Faransancinsa. Da na tambayi yaron da yake kawo abinci bambancinsa da wanda ake sayarwa a kanti, ya yi murmushi ya ce wake ɗaya ne, sai dai an soya wannan sama-sama da man shanu da tafarnuwa. A ganina sunan ma yana cikin abin da aka caje ni.